Hadari ya rutsa da ni a mota, titi ya cika da ruwa: in kutsa ko in tsaya?

"Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Kano, ina tuƙa ƙaramar mota Corolla mai giyar otomatik. A makon jiya hadari ya rutsa da ni bayan la'asar ina hanyar komawa gida tare da yarana biyu. Iska ta taso, tsawa ta yi ta faɗuwa, kafin in ankara titi ya shafe da ruwa. Motocin gabana suna ta kutsawa, na baya suna danna mini oda, sai na bi sahu, har ruwan yana taɓa ƙasan ƙofa. Allah ya fitar da mu lafiya, amma na ga motocin da suka mutu a tsakiyar ruwan. Maigidana ya ce a irin wannan hali sai a taka totur da ƙarfi don kada ruwa ya shiga ta salansa. Wata abokiyar aikina kuma ta ce da na fake a ƙarƙashin bishiya ko gada har ruwan ya ɗauke. Wanne ne daidai? Kuma shin tsawa tana iya faɗa wa mutum yana cikin mota?"

Wa alaikumus salam, Malama. Barka da arziki, Allah ya ƙara kiyayewa. Idan na fahimce ki, tambayarki ta ƙunshi abubuwa uku: abin da direba zai yi lokacin da hadari yake kan ganiyarsa, yadda zai gane ko motarsa za ta iya ratsa ruwan da ya kwanta a titi, da kuma abin da zai yi idan ya riga ya shiga kuma al'amari ya ɓaci. Ni a gareji na tashi, a can na koyi gyaran inji kafin in koma koyar da tuƙi, kuma babu daminar da ke wucewa ba a jawo mana motar da ta sha ruwa ba. Abin da zan faɗa miki daga wannan aikin ya fito. Shawarwarin nan biyu da aka ba ki, kowacce tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma idan aka bi su yadda aka faɗe su, ta farko tana iya kashe miki inji, ta biyu kuma tana iya kai ki wurin da ya fi titin haɗari. A ganina mafi yawan asarar da nake gani ba ta rashin iya tuƙi a cikin ruwa ba ce, ta shiga ruwan da bai kamata a shiga ba ce tun farko.

Yadda hadarin namu yake, da abin da ya sa titi ke cika da wuri

A ƙasar Hausa danshin da ke zama ruwan sama iskar kudu maso yamma ce take ɗauko shi daga tekun Atlantika, amma shi hadarin kansa galibi daga gabas yake gangamowa, saboda iskar da ke can sama daga gabas take kaɗawa zuwa yamma. Shi ya sa tsofaffi gabas suke duba. Zafin rana ne ke ɗaga iska mai danshi sama har ta zama wannan baƙin gajimare mai tsayi, don haka mafi yawan hadarin mai ƙarfi daga la'asar zuwa dare yake zuwa, daidai lokacin tashi daga aiki da kasuwa da Islamiyya. Kafin ɗigon farko akwai alamar da kowa ya sani: gari ya yi tsit da zafi, gabas ta yi baƙi ƙirin, sai wata iska mai sanyi ta taso da ƙura da leda. Wannan iskar daga cikin hadarin take faɗowa ta yi gaba, kuma ita ce sanarwar ƙarshe. Daga lokacin da kika ji ta, mintuna kaɗan ne suka rage miki ki zaɓi inda ruwan zai same ki.

Abin da zai amfane ki a nan shi ne sanin cewa irin wannan ruwa mai zuwa da iska da tsawa ba ya daɗewa da ƙarfinsa. Yakan zuba kamar da bakin ƙwarya na ɗan lokaci, sannan ya koma yayyafi. Ya bambanta da malkar watan Agusta, wadda za ta iya wuni tana zuba a ƙasar da ta riga ta ƙoshi. Ya kuma bambanta da ambaliyar da ke biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa, irin wadda aka gani a Bagauda a 1988, ko wadda ta shafe sassan Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan madatsar Alau ta ɓalle. Wancan ruwa ne da ke kwana da kwanaki. Na titin cikin gari bayan hadari kuwa yawanci ruwa ne da ya rasa hanya na ɗan lokaci, kuma da zarar sama ta sassauta sai ya fara janyewa.

Dalilin rasa hanyar ba ɓoyayye ba ne. Kano gari ne shimfiɗaɗɗe, gangararsa kaɗan ce. A da kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne ke tare ruwan unguwanni, rarar kuma ta bi ta Jakara da sauran ƙoramu ta fice. An cike da yawa daga cikin kududdufan an yi gini a kansu, an malale tsakar gidaje da siminti, an shimfiɗa kwalta, ga kuma lambatu cike da yashi da ledar fiya wata. Ruwan da a da ƙasa ke shanyewa yanzu titi ne kaɗai mafitarsa. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ɗanɗana wannan a daminar 2022, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa kayan miliyoyin naira. Duk direban da ya daɗe a garin ya san wuraren da ruwa ke taruwa, irin su shataletalen Baban Gwari a kan titin Katsina. Haka nan kowace gadar ƙasa, a kowane gari take, an gina ta ne a matsayin wuri mafi zurfi a yankinta, kuma duk ruwan da magudanarta ta kasa kwashewa a cikinta zai tsaya.

Tsawa, iska, da wurin fakewa

Na'am, tsawa tana iya faɗa wa mota, amma wanda yake cikin mota mai rufin ƙarfe, gilasai a rufe, yana cikin wurare mafi aminci da mutum zai samu a kan hanya. Mutane da yawa suna zaton tayoyin roba ne ke kare su. Ba haka ba ne, domin wutar da ta keto sararin sama mai nisan kilomita da yawa ba tafin taya ne zai tare ta ba. Gangar jikin motar ce ke karɓar wutar ta zagaya da ita ta waje har ta sauka ƙasa. Don haka abin da ake so shi ne a ɗaga gilasai, a janye hannu daga ƙarfen ƙofa, a hana yara leƙawa. Wannan kariyar ba ta shafi mai babur ba, ba ta kuma cika ga A Daidaita Sahu ba tunda gefunansa a buɗe suke, haka ma waɗanda ke zaune a bayan akori-kura. Wayar hannu ba ta jawo tsawa, saboda haka idan kin tsaya kina iya kiran gida.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin nisan tsawar. Haske yana isowa nan take, sauti kuwa yana cin kilomita ɗaya ne a cikin kusan daƙiƙa 3. Idan kika ga walƙiya kika ƙirga har tara kafin ki ji cida, tazarar kilomita 3 ke tsakaninku. Muddin ana jin ƙarar, to ana cikin inda za ta iya kaiwa, shi ya sa masana yanayi ke ba da shawarar a jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe kafin a koma fili.

A hakikanin gaskiya, a cikin gari iska ta fi tsawa yi wa masu mota ɓarna. A nan ne shawarar abokiyar aikinki ta karkace. Tsayawa daidai ne, amma ba a ƙarƙashin bishiya ba. Darbejiyar da ta yi shekaru tana ba da inuwa a bakin titi, idan ƙasa ta jiƙe iska ta zo, reshenta ko ita kanta tana iya kwantawa a kan rufin mota. Bishiya kuma, saboda tsayinta, ita ce tsawa ta fi nufa. Haka allunan talla masu faɗi, da falwaya, da taransifoma, da katangar da ba ta da ginshiƙi, da rumfar kwano. Ƙarƙashin gadar sama kuwa yana da nasa matsalar: masu babura sun riga sun cunkushe wurin, hanya ta ƙuntata, na baya ba ya gani sosai, sannan sau da yawa wurin kwari ne. Wurin da nake gaya wa ɗalibaina su nema shi ne tudu, a gefen titi sosai ko cikin harabar wani gini mai ƙwari, nesa da bishiya da waya da bakin lambatu. A tsaya, a kunna fitilun gargaɗi masu ƙyaftawa, a zauna. Idan wayar lantarki ta faɗo a kan motar, kada kowa ya fito, a nemi agaji ta waya, domin haɗarin yana ga wanda ya sa ƙafa a ƙasa alhali jikinsa na taɓa motar.

Idan ruwan bai kai na tsayawa ba kuma ana tafiya, a rage gudu, a kunna fitilar gaba ta ƙasa don a gan ki, a ninka tazarar da ke tsakaninki da na gaba saboda birki ba ya kamawa da wuri a jiƙaƙƙiyar kwalta. Na'urar sanyaya mota ita ce ke share hazon da ke rufe gilas daga ciki, ba hannu ko gyale ba. Ba na son ɗabi'ar nan ta kunna fitilun gargaɗi ana cikin tafiya, domin na baya ba zai san kin tsaya ba ne ko kina tafiya, kuma idan za ki karya kwana babu tirafiketar da zai gani.

Zurfin da mota ke iya ɗauka

Hukumar kula da yanayi ta Amurka tana da ƙididdigar da take yawan maimaitawa ga direbobi: ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, mai zurfin santimita 30 yana iya tafiya da yawancin ƙananan motoci, mai zurfin santimita 60 kuma yana iya ɗaukar jif da akori-kura. Ki auna wannan da tayar motarki. Tsayin tayar Corolla daga ƙasa zuwa sama ya ɗan haura santimita 60. Ke nan rubu'in taya shi ne kusan santimita 15, rabin taya kuma, wato daidai inda notocin da ke ɗaure tayar suke, shi ne santimita 30. Maganar da ake yi a tasha cewa muddin ruwa bai wuce rabin taya ba babu komai, ta kai mutum daidai zurfin da motarsa za ta fara yin sama. Tunda kin ce ruwan ya taɓa ƙasan ƙofa, kin riga kin wuce iyakar da zan amince wa ƙaramar mota, kuma fitar da kika yi kiyayewar Allah ce kawai.

Mutane suna mamakin yadda ruwa zai ɗaga abu mai nauyin fiye da tan ɗaya. Ruwan da ya cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa tan ɗaya ne cur. Ita kuwa mota ƙasanta a shimfiɗe yake, cikinta iska ce, ƙofofinta da roba a toshe. Da ruwa ya kai ga cikinta sai ya fara tura ta sama, nauyin da ke danne tayoyi ya ragu, musamman na baya tunda inji yana gaba. Daga nan sitiyari da birki ba su da sauran amfani, ruwan ne zai zaɓa mata hanya, kuma hanyarsa ita ce lambatu ko bakin kwalbati.

Matsala ta biyu ita ce ido ba ya auna zurfin ruwan titi. Ruwan ja ne ko baƙi, ba a ganin ƙasansa, da dare kuma fitila a samansa kawai take tsayawa. A ƙarƙashinsa akwai ramin da ba ki sani ba, akwai lambatun da ba shi da murfi, akwai rijiyar magudana da ɓarayin ƙarfe suka ɗauke marfinta, akwai gefen kwaltar da ruwa ya riga ya zaizaye. Abin da za ki iya yi shi ne ki tsaya daga nesa ki karanta alamu. Ki duba dakalin da ya raba titi biyu ko na gefen hanya: idan ya nutse, ruwan ya fi ƙarfin ƙaramar mota. Ki kalli motar da ta yi daidai da taki tana ratsawa ki ga inda ruwa ya tsaya mata. Tifa ko tirela ko doguwar jif ba ma'auninki ba ne. Ki kalli samarin nan da ke tsayawa a cikin ruwan suna jiran motar da za su tura a biya su: idan ruwan ya wuce idon sawunsu yana neman ƙwauri, ki juya. Ki kuma kalli leda da robobi a saman ruwan. Idan suna gudu, musamman idan suna ratsa titin daga gefe zuwa gefe, wannan ƙorama ce ta hau hanya, kuma ko bai yi zurfi ba ba na shiga.

Batun masu danna oda a baya, na san yana da wuya, balle ga mace da yara a cikin cunkoso. Amma wanda ke bayanki ba shi zai biya kuɗin inji ba. Ki kunna tirafiketa, ki raɓe gefe, ki ba shi hanya.

Ta ina ruwa ke kashe inji

Maigida ya yi gaskiya cewa ba a son inji ya mutu a cikin ruwa, amma ƙofar da ake tsoro ba salansa ba ce. Muddin inji yana aiki, hayaƙin da yake turawa ya isa ya hana ruwa komawa ta baya. Ƙofar da ke kashe inji tana gaba, inda yake shaƙar iska. Ki sa makanikinki ya buɗe bonet ya nuna miki akwatin iya-kilina, wato matatar iskar inji, da bututun da ke kawo masa iska, ki ga inda bakin bututun yake. A wasu motocin yana sama kusa da lagireto, a wasu kuma yana can ƙasa bayan bamba, kusa da taya. Wannan bakin shi ne ainihin iyakar motarki.

Inji yana aiki ne ta hanyar matse iska da mai a cikin silinda. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan ruwa ya bi ta bututun ya shiga silinda, fistin ya taso da ƙarfinsa ya tarar da abin da ba ya ba da wuri, sai ƙarfen da ke riƙe da shi, wanda muke kira konrod, ya lanƙwashe ko ya karye. Na sha kwance injin da konrod ɗinsa ya fasa bulo ya leƙo waje. Ruwan da ke yin wannan ɓarna bai kai cikin kofin shayi ba. Injin dizal ya fi saurin lalacewa ta wannan hanya saboda matsinsa ya fi na fetur. To yanzu ki duba abin da taka totur da ƙarfi ke haifarwa: motar ta ƙara gudu, gabanta ya ture ruwa ya yi toroƙo ya hau bonet, injin kuma a daidai lokacin yana zuƙar iska da dukkan ƙarfinsa. Ruwan da a tsaye ba zai kai bakin bututun ba, gudu ya ɗaga shi ya kai shi.

Bayan inji akwai kayan lantarki. Motocin yanzu cike suke da na'urori, ga kwamfutar da ke sarrafa inji, wadda makanikai ke kira biren-bos, ga akwatin fis, ga mahaɗan wayoyi da ke bin ƙarƙashin kafet. Wasu ba sa nuna ciwonsu a ranar. Sai bayan makonni, tsatsa ta ci mahaɗin, motar ta fara kunna fitilu barkatai a dashbod ko ta ƙi tashi da safe, mai ita kuma ya riga ya manta da ranar da ya shiga ruwa.

Idan an tabbatar ruwan bai da zurfi

Idan ruwan a tsaye yake, bai wuce rubu'in taya ba, kin ga motar da ta yi daidai da taki ta fita lafiya, kuma kin san titin, ana iya ratsawa. Ki jira na gabanki ya fita gaba ɗaya kafin ki shiga, don kada ya mutu a gabanki ya tsare ki a tsakiya. Ki kuma jira babbar motar da ke tahowa ta wuce, domin igiyar ruwan da take turowa tana iya haura miki bonet. Ki sa giyar a L ko 1, mai giyar hannu kuma ya sa lamba ɗaya. Ki shiga a hankali, da saurin mai tafiya a ƙasa, ƙafarki a kan totur daidai wa daida, ba ƙari ba ragi, ba tsayawa, ba canza giya. Ki bi tsakiyar titi gwargwadon iko, saboda an gina shi da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangara gefe, kuma lambatu a gefen yake. Ki kashe na'urar sanyi. Ni nakan sauke gilashin gefena kafin in shiga, in kuma tabbatar ƙofofi ba a kulle suke ba. Da kin fita, ki taka birki a hankali sau da yawa kina tafiya sannu har ki ji ya dawo da kamunsa, domin jiƙaƙƙen birki yana yaudara.

Idan motar ta mutu a ciki

A nan ne mutane suka fi yi wa kansu asara. Mota ta mutu, hankali ya tashi, hannu ya kai ga makulli. Kada ki yi mata ki, wato kada ki murɗa makulli don tayar da ita. Sau da yawa a lokacin da ta mutu ɓarnar ba ta kai ko'ina ba, wataƙila ruwa ne ya jiƙa wayoyin fulogi ko kaɗan ya shiga bututu. Sake tayar da ita shi ne ke zuƙo sauran ruwan ya ƙarasa injin. Ki sa giyarta a N, wato firi, a tura ta zuwa tudu idan ruwan a tsaye yake kuma bai da zurfi. Kuɗin da za ki ba samarin da suka tura bai kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin inji.

Idan kuwa ruwan yana ƙaruwa, ko kin ji motar ta fara motsi da kanta, to maganar mota ta ƙare, ta rai ake yi. Ki cire bel, ki sauke gilas tun batir yana aiki, ki kwance yara ki fitar da su ta taga, ki fara da babba don ya iya riƙe kansa yayin da kike ɗauko ƙarami, sannan ki fito. Kada ki ɓata lokaci kan ƙofa, domin da ruwa ya hau jikinta nauyinsa ba zai bari ta buɗu ba, kuma kada ki ɓata lokaci kan kiran waya kafin a fita. Idan gilas ya ƙi sauka, na gefe ake fasawa, a buga a kusurwarsa da wani ƙarfe mai tsini. Na gaba ba ya fasuwa haka saboda akwai roba a tsakiyarsa. Yana da kyau a ajiye ƙaramar guduma a aljihun ƙofar direba, ba a but ba. Idan an fito kuma ruwan yana gudu, hawa rufin motar a nemi agaji ya fi a sauka da yara a cikin ruwan da ba a san ƙasansa ba. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112.

Abin da za a yi a gareji

Motar da ta mutu a ruwa janwe ake kira mata, ko a ja ta da wata motar idan nau'in giyarta ya yarda da haka, amma ba a tayar da ita. A cire kan batir. Abu na farko da makaniki na gari zai duba shi ne iya-kilina: idan ya jiƙe, ruwa ya shiga. Sai ya kwance fulogai duka, ya juya injin don ruwan da ke silinda ya fito ta ramukansu. Sai ya zaro ma'aunin baƙin mai. Idan man ya koma launin shayi mai madara, ya gauraya da ruwa, dole a zubar a canza tare da matatarsa, wani lokaci fiye da sau ɗaya. A duba man giya, musamman a otomatik irin taki, domin giyar otomatik ba ta jure ruwa ko kaɗan. A ɗaga kafet da soson da ke ƙarƙashinsa a shanya, a busar da mahaɗan wayoyi. Duk wanda ya ce miki a bari ta sha rana kawai sannan a yi mata ki, ki nemi wani.

Ke da motarki ba ta mutu ba, duk da haka ina ba ki shawarar ki kai a duba iya-kilina da mai, ki kuma sa hannu a ƙarƙashin kafet ɗin gaba da na baya ki ji ko akwai danshi. Idan kin fara jin ƙugi daga wajen taya a kwanakin nan, wataƙila ruwa ne ya wanke giris ɗin boris, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa.

Ban ga motarki ba, don haka ba zan iya yanke miki adadin santimitar da ita kanta za ta ɗauka ba. Wannan ya danganta da shekararta, da inda bututun iskarta yake, da ko an taɓa sauya mata wani abu a gaba bayan haɗari, kamar yadda yake ga yawancin motocin da ake shigo da su na hannu. Abin da na faɗa kuma na motocin fetur da dizal ne. Mai motar lantarki ko mai haɗa fetur da batir, littafin kamfanin da ya ƙera ta zai bi, kuma idan ta nutse kada ya bari wanda bai san aikinta ba ya taɓa manyan wayoyinta.

Sauran shirin kafin damina ake yinsa. A canza robar waifa idan ta bushe, tunda zafin bazara yana ƙona ta. A duba zanen taya, domin shi ne ke korar ruwa daga ƙarƙashinta, kuma tayar da ta suɗe tana iya hawa kan ruwa ta zame ko da bai kai zurfin yatsa ba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019, kuma wannan ya fi muhimmanci ga mai sayen tayar gwanjo. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen yanayi, gidajen rediyo kuma suna karantawa, yana da kyau a saurara kafin a fita da yamma. Ki kuma duba takardar inshorarki. Wadda yawancin mutane ke yi don cika doka, da aka mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motocin gida tun farkon 2023, ɓarnar da kika yi wa wani take biya, ba ta biyan injin da ruwa ya kashe miki. Cikakkiyar inshora ce ke iya ɗaukar wannan, ita ma sai kin karanta kin ga an ambaci ambaliya a ciki.

Abu na ƙarshe da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su bi hanyarsu ta kullum a ranar da babu ruwa, su lura da inda titi ya yi kwari, inda lambatu ba shi da murfi, inda kwalbati yake, sannan su nemi wata hanyar da ke bin tudu ko da ta fi nisa. Ki yi haka tsakanin makarantarku da gida, ki kuma zaɓi wuri biyu ko uku a kan hanyar inda za ki iya shiga ki tsaya da yara, gidan 'yan'uwa ne ko harabar masallaci ko ta wani asibiti. Idan kuma hadarin ya haɗo kina shirin tashi daga makaranta, ki zauna a ofis ku jira, ki sanar da gida cewa za ku yi latti.